Lafiya Uwar Jiki: Ciwon Gaɓoɓi a Masassarar Bahar Rum

Masu karatu, a wannan fitowa za mu duba wata masassara ta gado da ta yawaita tsakanin Turkawa, Armeniyawa, Larabawa da Yahudawa. Takan taso kwana 1 zuwa 3, ta lafa, ta sake dawowa da ciwon ciki da kumburin gwiwa ko idon sawu.

Tun 1972 likitoci ke ba da maganin kolshisin, wanda ake sha kullum ko da jiki na lafiya. Aikinsa rigakafi ne: yana rage tasowar cutar, yana kuma kare ƙoda. Muna jan hankalin iyaye cewa ƙara yawansa lokacin ciwo ba ya kashe raɗaɗi, sai dai ya jawo gudawa, har ya zama guba.

Idan ƙafa ta yi ciwo bayan doguwar tafiya, hutu da ibuprofen sukan wadatar, muddin ƙoda lafiya take. Amma ciwon tsoka mai tsanani da ya shafe makonni ba ya jin kolshisin, sai likita ya ba da kortizon. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi kuwa, mu hanzarta nuna wa likita, domin wataƙila ƙwayar cuta ce ta shige ta.

Allah ya ƙara mana lafiya.