Rijiyar da Mutum Shida Suka Haƙa

Ranar Talata 'yar autata ta dawo daga lesin idonta jawur. Tana shirin jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya ne, wadda NECO ke shiryawa, hukumar nan da aka kafa a 1999 zamanin Janar Abdulsalami, mai hedikwata a nan Minna. Malaminsu ya ɗauko musu tambaya daga irin littattafan bitar da muke saya a kasuwa: mutum uku sun haƙa rijiya a kwana shida, to mutum shida fa?

Kowa ya rubuta uku, ita ta rubuta shida. Aka zabga mata jan biro, 'yan aji suka yi ta dariya.

Na ce, "Auta, me ya kai ki?"

Ta ce, "Baba, ai rijiya ba ta cin mutum shida. Ɗaya ne a ciki yana sara, sauran suna bakin rami suna jan ƙasa. Ko mutum goma aka kawo, zama za su yi."

Wallahi na rasa bakin magana. Yarinyar nan bara ta tsaya a kan masu haƙa a gidan maƙwabcinmu, nan Dutsen Kura, ta ga yadda suka cim ma dutse, aiki ya tsaya cak har mako ya zagayo. Wanda ya rubuta tambayar ya binne abubuwa bai faɗa ba: cewa ƙarfin mutanen ɗaya ne, ramin zai ɗauke su duka a lokaci guda, ƙasar kuma laushinta ɗaya daga sama har ruwa. Zare ɗaya daga ciki, "kwana uku" ya rushe. Ita ta hango abin da aka binne, shi ne laifinta.

Na san malamin lissafi zai ce ƙa'idar rabo ake gwadawa, ba sana'ar haƙa ba. Na ji.

Amma abin da aka hukunta ta a kansa, wasu shi suke nema da fitila. A Amurka, jarrabawar LSAT ta masu son karatun lauya tana kawo hujja sukutum, ta ce ka nemo abin da mai maganar ya ɗauka bai furta ba. Dabarar da ake koya musu ba ta da wuya: juya abin da kake zargi, ka ce ba haka ba ne, in hujjar ta faɗi, to a kansa ta jingina. Ba sai mun je Amurka ba ma. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da mantiƙi daga Sullam na Akhdari, kuma almajirin fiƙihu ya san hukunci ba ya tsayawa sai sharaɗinsa ya cika. Muka bar wannan, muka rungumi hadda irin ta aku.

Ga sakamakon muna gani. A ce mana an gina ajujuwa, saboda haka ilimi ya gyaru, mu tafa. Wa ya tambaya ko akwai malami a ciki? A ce wane ya yi digiri, don haka zai iya riƙon jama'a, mu gyaɗa kai. Yaron da aka ladabtar da jan biro tun yana aji shida kada ya tambaya, shi ne baligin da ake yi wa wannan rainin wayon, kuma mu muka raine shi haka.

Na zaunar da Auta na ce ranar jarrabawa ta rubuta uku, don inda mai tambaya ya dosa ke nan, gane nufinsa ma wani ilimi ne. Amma na hana ta goge shidan nan daga littafinta.

Malaman lesin Dutsen Kura, don Allah kafin ku ɗaga jan biro, ku tambayi yaro dalilinsa.