Hunturu Ya Kama, Famfo a Bushe

Iyaye da 'yan'uwa na Nyohini, hunturu ya kama. Kada ku kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Gawayi na fitar da iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganinta. Takan fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa sai dai a wayi gari da gawa. Ku fitar da kasko kafin ku kwanta, ku kashe kyandir. Idan gobara ta tashi, ku kira 192 ko 112.

Wannan aikinmu ne. Saura na gwamnati: da wane ruwa za a kashe wutar? A 2020 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da aikin jawo wa Tamale ruwa daga Yapei. Ina ruwan yake? Har yau mata da yara na yawo da galan, ana sayen ruwan tanka da tsada. Gidan da ke lallaɓa ruwan sha, me zai watsa wa wuta kafin 'yan kwana-kwana su iso?

Alkawari ba ya kashe gobara. Ranar zaɓe, ku tuna da busasshen famfo, ku dangwala wa canji!