Man Wiwi: Ba Irin Wadda Muka Sani Ba Ce



Idan aka kawo ƙarar yaro, sau da yawa sai ka ji dattijo ya ce, "Ai wiwi ce kawai, in ya yi aure zai bari." Ni a ganina wannan magana ta tsufa, domin wiwin da dattijon ya sani ba ita ake yayi yanzu ba.

A Amurka abin ya yi ƙarfi. Ana tatso sinadarin da ke bugarwa, wato THC, daga ganyen, ya fito kamar danƙo ko zuma. Ganyen da ake sha can a shekarun 1990 yana da kusan kashi 4 cikin 100 na sinadarin nan. Shi kuwa danƙon yakan kai kashi 60 zuwa 90. Zuƙa ɗaya kenan ta ɗauke aikin nadi da yawa. Abin da ke biyo baya shi ne bugun zuciya, firgici, amai ba ƙaƙƙautawa, ga wasu kuma taɓin hankali, musamman samarin da ƙwaƙwalwarsu ba ta gama nuna ba. Daga 2019 zuwa farkon 2020 ruwan wiwi na jabu da ake zuba wa sigarin lantarki ya lalata huhun mutane a Amurka: fiye da 2,800 suka kwanta asibiti, 68 suka mutu.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗa shi. Da iskar gas ta butan ake yi, irin wadda ke cikin laita. Gas ɗin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasan ɗaki. Tartsatsin firji ko makunnin fanka ya isa ya tarwatsa ɗakin. Jihar Kolorado ta fara sayar da wiwi a fili a 2014, amma gidaje suka yi ta fashewa har a 2015 ta haramta yin sa da gas a gida.

To jama'a, ku dubi yadda muke zaune. Gida ɗaya ɗaki goma, ƙofa na kallon ƙofa, risho da tukunyar gas a baranda, yara kwance a tabarma. In yaro ɗaya ya kalli bidiyo a waya ya ce bari ya gwada, wa zai tsira? Kuma kun san halin zaman baƙunta, laifin mutum ɗaya sai a ce "Hausawa ne."

Kada wani ya ce Amurka da nisa. Hukumar NDLEA ta sha kama wiwi mai ƙarfi da ake kira Loud daga Kanada a tashar jiragen ruwa ta Tinkan a Legas. Hanyar da ganye ya bi, mai ma zai bi.

Ina roƙon sarakunan Hausawa da limamanmu su ambaci abin nan da sunansa a huɗuba da taron unguwa. Masu ba da haya kuma, in kuka ga gwangwanayen gas na laita sun taru a bolar gida, ku tambayi mai su tun kafin dare.