Tsamin jikin farkon damina ba cuta ba ne

Da zarar ruwan shuka ya sauka, 'yan gonakin da filoti da bulo ba su cinye ba a bayan Rijiyar Zaki sukan cika da matasa 'yan ƙwadago. Da magariba kuma sai ka same su a kemis: "Malam, a haɗa mini na ciwon jiki." Ni dai ina ganin wannan haɗin ya fi tsamin jikin illa.

Wanda ya yi rani a kan Adaidaita Sahu, sannan ya wuni yana huɗa da garma, dole zaruruwan tsokarsa su ɗan yayyage. Jiki kan aika jini da ƙwayoyin garkuwa wurin, ya ɗan kumbura, tsamin ya tsananta a kwana na biyu ko na uku. Aikin gyara ke nan.

A shekarar 2000, Farfesa Bente Pedersen da abokan aikinta a ƙasar Denmak suka nuna cewa tsoka da kanta take sakin wani sinadari mai suna IL-6 idan ta daɗe tana aiki. A jinin masu tseren dogon zango yakan ninka har sau 100. Da ma an san shi da rura kumburi, amma wanda motsa jiki ya fitar tashi yake ya sauka cikin sa'o'i, ya kuma taso da IL-10 mai kwantar da kumburin. Akwai kuma furotin irin su HSP70, dangin waɗanda Ferruccio Ritossa ya fara gano alamarsu a Italiya a 1962. Zafi da wahala ke ƙara su, aikinsu kuwa tallafar furotin ɗin tsoka da suka jirkice su koma daidai. Irin wannan sabo da jiki ke yi da aiki ne ya sa maimai ba ya jigata mutum kamar noman farko, ya sa dattijon da ke taka keke zuwa Kurmi bai san haɗi ba.

To ina amfanin danne saƙon da jiki ke aikowa? Wanda ya sha tiramadol ba ya jin ciwon, sai ya zarce iyakar tsokarsa. Shan diclofenac ko ibuprofen kullum, ga gumi ga ƙarancin ruwa, yana taɓa ƙoda, yana jawo gyambon ciki.

Shawarata ga ƙannena ita ce a fara shiri tun bazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiyar ƙafa da sassafe a titin Gwarzo ta isa. Makon farko a gona a yi rabin wuni, a sha ruwa sosai, a yi barci. Masu gona kuma su rage yawan kuyyan da suke yanka wa yaro a ranar farko. Amma wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar shayi, ko ciwon ya haura mako guda, ya bar kemis ya nufi asibiti a ranar.