Shin Wahalar Farfesa Megan Davis Ta Tashi A Banza?

Jama'a, yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, labarin wata malama ce da ya tsaya mini a rai. Sunanta Farfesa Megan Davis, masaniyar dokar tsarin mulki a Jami'ar New South Wales da ke Ostireliya. Ita jinin Aborijin ce, wato mutanen da Turawan Ingila suka tarar a ƙasar a 1788, waɗanda kakanninsu suka shekara dubbai a can.

Kundin tsarin mulkin ƙasar na 1901 ya hana a sa su cikin lissafin jama'a, sai a 1967 aka goge wannan sashe da ƙuri'ar sama da kashi 90 cikin 100. Amma har yanzu kundin bai ambace su ba. Wannan giɓi Davis ta sa a gaba. Tsakanin 2016 da 2017 ta jagoranci tarurruka 12 da al'ummarta a sassan ƙasar, kuma a watan Mayun 2017 ita ce ta karanta matsayarsu a Uluru. Babbar buƙatarsu ita ce a kafa musu majalisa cikin kundin, mai bai wa majalisar dokoki shawara kan abin da ya shafe su.

Ranar 14 ga Oktoba, 2023 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Kusan kashi 60 suka ce a'a, ko jiha ɗaya cikin shida ba ta amince ba.

Wani zai ce da ta yi zamanta a aji da ta huta. Ni kam ban yarda ba. Sau 45 aka nemi gyara kundin nan, sau 8 kawai aka dace, don haka ta san dutsen da ta tunkara. Abin da ya burge ni shi ne ba ta zauna a ofis ta rubuta wa mutanenta abin da ya kamata su so ba, ta bi su har gida ta tambaye su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙuri'a ta faɗi, amma abin da suka faɗa da bakinsu yana nan a rubuce, masu zuwa baya ba za su fara daga tushe ba.

A ganina, malamin dokar da iliminsa bai taɓa fita harabar jami'a ba, shi ya fi ta asara. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.