Wandon Jins Da Huhun Talaka

A shekarun 1990 da na 2000, samarin ƙauye sun riƙa kwarara birnin Istanbul na Turkiyya neman abin rufin asiri. Aikin da aka ba su shi ne fesa yashi da iska mai ƙarfi a kan wandunan jins domin su koɗe, don abin da kasuwa ke so ke nan. Ɗakuna a rufe, ba wata kariya sai ɗan ƙyalle a hanci.

Ƙurar yashi, wato silika, tana ratsa ƙyalle ta taru a huhu, ta haifar da cutar silikosis wadda ba ta warkewa. Da yawansu sun rasu da ƙuruciyarsu. Abin takaici, tun 1949 Ingila ta haramta irin wannan feshi da yashi, amma sai 2009 Turkiyya ta hana shi a kan jins.

Wannan ba rashin sani ba ne, zalunci ne. Wajibi ne mai masana'anta ya ba ma'aikaci hular kwano mai rufe kai gaba ɗaya, da bututun iska mai tsabta, ya kuma musanya yashi da ɓarɓashin ƙarfe. Duk matashin da aka miƙa wa ƙyalle kawai, to ya sani da numfashinsa ake cin riba.