Ɗan waken ranar Lahadi

Ranar Lahadi babu makaranta. Yara suna gida, ma'aikata da yawa suna hutu, ba mai sauri don kada ya makara. Ita ce rana ɗaya a mako da iyali ke iya karya kumallo a natse, da hantsi, kowa yana nan. To, me ya kamata a ci a irin wannan safiya?

A gidaje da yawa na birni, a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, an saba da burodi da kafe. A ba yaro kuɗi, ya ruga wurin mai tebur, ya komo da burodi, kowa ya gutsura ya kama gabansa. A sauran ranaku wannan ba laifi ba ne, don lokaci ba ya jira. Amma ranar Lahadi ya fi kyau a hura wuta a yi ɗan wake, kuma yaran gida, maza da mata, su sa hannu cikin aikin. Akwai dalilai uku.

Ɗan wake yana riƙe ciki, yana gina jiki

Jikin yaro kamar gini yake. Yana bukatar abincin da ke ba shi ƙarfi, yana kuma bukatar abincin da ke gina tsoka da jini. Hatsi, da dawa, da shinkafa, da alkama, duk suna ba da ƙarfi. Nama, da kifi, da ƙwai, da nono su ke gina jiki, amma ba kowane gida ke samunsu kullum ba. Nan ne wake ke da amfani. A cikin giram 100 na busasshen wake, kusan giram 24 abin gina jiki ne. A cikin giram 100 na hatsi kuwa, kamar giram 11 ne. Shi ya sa ake ce wa wake naman talaka. Idan aka haɗa shi da hatsi ko dawa, kowanne yana cika abin da ɗan'uwansa ya rasa.

Ɗan wake ba wake kaɗai ba ne. Akwai garin kuka a ciki, ganyen kuka kuwa yana da abin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙora. Akwai man gyaɗa, da albasa, da tumatir. In da hali, a ɗora dafaffen ƙwai a kai. Yaron da ya ci kwano guda da hantsi yana iya kaiwa bayan azahar bai nemi kome ba sai ruwa. Wanda ya sha ruwan kafe da sukari da guntun burodi, kafin rana ta take tsaka cikinsa ya fara kuka. Kafe ma ba abin shan ƙananan yara ba ne.

Kayan haɗinsa na ƙasa ne

Wake ɗan Afirka ne. Masu tonon kayan tarihi sun samu ƙwayoyinsa a tsakiyar ƙasar Gana, waɗanda suka haura shekara 3500. A duniya duka, in aka cire Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman irin wannan wake. Manomi yana shuka shi tsakanin layukan hatsi. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma abincin tumaki da awaki ce da rani. A shekarun baya, kowace kaka manyan motoci sun riƙa ɗaukar buhunansa zuwa kasuwannin Najeriya. Abin mamaki ne a ce maƙwabta suna ribibin abin da mai shi ke rainawa.

Sauran kayan ma ba daga nesa suke ba. Albasar Galmi, ta jihar Tawa, an san ta har Abijan da Akara. Tattasai yana zuwa daga Difa, daga bakin kogin Komadugu. Gishiri yana fitowa daga Bilma da Foga, kanwa daga ƙasar Manga. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli aikin matan Maraɗi, da Magarya, da Matamai ne. Itatuwan kuka kuwa, wanda ya je Mirya ya gan su tsaitsaye. Kwanon ɗan wake guda ya isa a koya wa yaro taswirar ƙasarsa.

Burodi fa? Da garin alkama ake yin sa. Ana noman alkama kaɗan a lambunan Ayar da wasu wuraren ban ruwa, amma ba ta isa. Yawancin garin da ake gasa burodi da shi daga waje yake zuwa. Jirgin ruwa ya sauke shi a bakin teku, mota ta yi tafiyar kilomita 1000 ko fiye kafin ya iso Yamai. A shekarar 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, alkama ta yi tsada a duniya, don ƙasashen nan biyu manyan masu sayar da ita ne. A shekarar 2023 kuma, da aka rufe iyakar Benin, kayan da ke zuwa ta Kwatano suka tsaya a hanya. Gidan da bai san karin kumallo ba sai burodi, duk abin da ya faru a wata ƙasa sai ya taɓa cikin yaransa. Gidan da ke da wake a rumbu ba ruwansa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuɗin ma abin dubawa ne. Dalar da aka sayi wake da ita tana shiga hannun manomi, ta mai tana shiga hannun mai tuyar ƙuli-ƙuli, ta niƙa tana shiga hannun mai inji. Duk cikin gari take juyawa.

Aikin koyo ne

Yin ɗan wake ba wuya, amma sai an koya. Tun ranar Asabar da marece ake farawa. A tsince waken, a fitar da tsakuwa da wanda ƙwari suka huda. A ɓarza shi, a sheƙe dusar, a kai inji. Wasu suna haɗa shi da busasshen rogo, wasu da dawa. Kowane gida da awonsa, amma gwangwani biyu na wake da ɗaya na rogo awo ne mai kyau. Rabin tiya na gari kan ishi iyali na mutum takwas. A jiƙa ƴar kanwa a kwano ta kwana.

Da safe a ɗora ruwa a babbar tukunya. Kafin ya tafasa, a tankaɗe garin, a zuba garin kuka, a tace ruwan kanwa a kwaɓa da shi. Kada kwaɓin ya yi ruwa, kada kuma ya yi tauri. Kowane abu da aikinsa: kuka da rogo su ke ba shi danƙo don kada ya watse a ruwa, kanwa ita ke sa shi laushi. In kanwa ta yi yawa sai ya yi baƙi, ya yi ɗaci, ya ɓata ciki. In ta yi kaɗan sai ya yi tauri.

Ruwa na tafasa, sai a riƙa tsinkar kwaɓin da yatsu ana sakawa kaɗan-kaɗan. Da fari yana nutsewa ƙasa. In ya fara nuna sai ya taso sama. Kumfa kan taso tare da shi, sai a yayyafa ruwan sanyi ko a rage wuta. A bar shi kamar minti 10 zuwa 15, a ɗauki guda a fasa a ga ko cikinsa ya nuna. Daga nan a kwashe da matsami a zuba a ruwan sanyi don kada ya manne, a tsame, a zuba a kwano. A soya man gyaɗa da albasa, a barbaɗa yajin barkono da ƙuli-ƙuli, a yanka tumatir. Shi ke nan.

Yaron da ya tsaya ya kalli wannan aiki ya ga abin da ake koya masa a aji. Ya ga awo: biyu da ɗaya. Ya ga lokaci. Ya ga abin da zafi ke yi wa gari. Ya kuma koyi tsabta, don ba a taɓa kwaɓi sai an wanke hannu da sabulu. Ƙanana dai a nisanta su da tukunya, tafasasshen ruwa ba ya wasa. Su aikinsu tsintar wake da ɗauko kwanoni.

Wannan sani ba a littafi kakanni suka same shi ba. Hannu ya ba hannu. In aka yi shekara ashirin ba a yi ba a gida, ya tafi ke nan. Ga alama ma ta fara bayyana: wasu masu saidawa da garin alkama zalla suke yin sa, ba ko ƙwayar wake. Suna ya rage, wake ya fita.

Maza ma su koya

Wani yaro zai ce: «Dafuwa aikin mata ne, abokaina za su yi mini dariya.» To, wa ke gasa tsire a bakin kasuwa? Wa ke yin kilishi? Wa ke dafa shayi yana soya ƙwai a tasha? Wa ke kwana gaban tanderu yana gasa burodin da ake ci da safe? Duk maza ne, kuma da wannan sana'a suke ciyar da iyalinsu. Abin da ba kunya ba ne a kasuwa, don me zai zama kunya a gida?

Kuma yaro ba ya dawwama gaban uwarsa. Gobe zai tafi babbar makaranta a wani gari, ko aikin soja, ko cin rani a Kano ko Abijan. Wanda ya iya kwaɓa gari da kuka ba ya kwana da yunwa, kuɗinsa kuma ba su ƙare wa masu abinci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma uwa. Ɗan makaranta yana da Lahadi, ma'aikaci yana da Lahadi, uwa ba ta da ita. Ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen kwanciya. Idan ɗan waken Lahadi zai zama ƙarin wahala a kanta ita kaɗai, gara a bar shi. Amma in wannan ya ɗebo ruwa, wancan ya faskara icce, wata ta daka yaji, wani ya yanka albasa, sai aikin uwa ya zama nuni kawai. Yaron da ya ce: «Inna, zauna ki huta, ki dai gaya mini in kanwar ta isa», ya yi abin da ya fi gaisuwa.

Abin da wasu ke faɗi

Wasu suna cewa: ga mai ɗan wake nan a bakin titi, don me za a wahala? Gaskiya ne, kuma ita ma da sana'ar take sayen sabulu da littattafan ƴaƴanta. Ba a ce a daina saye wurinta ba. Kwana shida nata ne. Kwana ɗaya kawai ake nema don gida ya koyi abinsa. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ma shi ya fi sanin darajar aikinta, ba zai raina kuɗin da ta faɗa ba.

Wasu suna cewa wake yana tsada da bazara. Haka ne. Da kaka yake araha, amma ƙwari ba su barin a ajiye shi. Maganin wannan sananne ne. Mutanen da suna zuba shi a tulu, su gauraya da toka ko rairayi, su liƙe baki. Yanzu akwai buhu mai riɓi uku, wanda in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Gidan da ya ajiye buhu guda da kaka ya huta.

Wasu kuma suna cewa a ƙauye ba a san Lahadi ba, gona ba ta hutu. Da damina haka ne. Amma ko a ƙauye, ran nan ne ƴan makaranta ke gida tun safe. In Lahadi ba ta yiwu ba, kowane gida ya san ranar da ya fi samun sarari. Ranar ba ita ce muhimmiya ba, haɗuwar ita ce.

A ci tare

Kowane gida da al'adarsa. A wani gida maigida yana ci da manyan ƴaƴa maza a zaure, mata suna ci a ciki. Ba sai an canja wannan ba. Abin da ake so shi ne tukunya ɗaya, lokaci ɗaya, kowa ya ƙoshi. A zuba wa ƙaramin yaro nasa a kwanonsa, don a babban kwano manya kan rigaye shi. A kai wa kaka nata tun da zafinsa. A aika wa maƙwabta, a rage wa almajiri.

A irin wannan zama ne uba ke jin abin da aka koya a makaranta cikin mako, kaka kuma ta ba da labarin shekarun da hatsi ya ƙi, wake ya ceci mutane. Yaron da ya tashi a haka ba zai ji kunyar abincin gidansu ba, ba zai ɗauka cewa cin burodi shi ne wayewa ba. Zai ci burodi in ya samu, ya kuma san cewa in babu shi, hannunsa da gonar ubansa sun ishe shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ake haɗawa a yi ɗan wake? Daga ina kowanne yake zuwa?
2. Mene ne aikin kuka, mene ne aikin kanwa a cikin kwaɓi?
3. Idan rabin tiya na gari ya ishi mutum 8, tiya nawa za ta ishi mutum 24?
4. Wane abincin safe kuma ake yi da wake ko hatsi? Yaya ake yin sa?